RUWA BA YA TSAMI BANZA

Jawabi ga hakimai da malamansu a kan aikin wani masanin ruwa na ƙasar Kanada

 

Da wuya a sami gundumar da ba ta da wani ruwa wanda talakawa ke dogara da shi, ko kogi, ko tabki, ko fadama, ko madatsar ruwa. Sau da yawa masunta su kan zo gaban hakimi da kuka, su ce kifi ya ragu, ko kuwa su ce an wayi gari an ga matattun kifaye birjik a bakin ruwa. In aka tambayi dalili, wani ya ce zafi ne, wani ya ce masunta ne suka yi yawa, wani kuma ya ce mutanen ruwa ne suka yi fushi. Hakimi kuwa ba shi da abin da zai auna maganganun nan da shi, balle ya yanke hukunci.

To, akwai wani fanni na ilmi wanda aikinsa ke nan, watau binciken yadda ƙazanta da guba ke cutar kifi da sauran halittun ruwa. Jawabin nan labarin wani mutum ne wanda ya ba da shekara hamsin na rayuwarsa ga wannan fanni, sunansa David Schindler, shaihun malami a ƙasar Kanada. Ƙasarsa nesa ta ke ƙwarai, ruwansu kuma mai sanyi ne, amma hanyar da ya bi ya gano gaskiya ta isa kowane mai riƙon jama'a ya yi nazarinta.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Schindler cikin shekarar 1940 a garin Fargo na ƙasar Amurka, ya girma a wani ɗan garin manoma da a ke kira Barnesville, cikin jihar Minnesota. Jiha ce mai tabkuna dubbai, saboda haka tun yana yaro ya saba da kamun kifi. Da ya shiga jami'a ya fara da karatun injiniya, sai wani malami ya ɗauke shi aikin hutu, ya kuma ba shi littattafai ya karanta. A cikinsu akwai na wani Bature mutumin Ingila mai suna Charles Elton, wanda ya shahara wajen bayanin yadda halittu ke cin juna, ƙarami abincin babba, babba abincin wanda ya fi shi. Daga nan yaron ya bar injiniya ya koma ilmin dabbobi.

Ya gama a 1962, ya ci wata gasa ta samun kuɗin karatu, ya haye Ingila zuwa jami'ar Oksfod, inda ya zama almajirin shi Elton ɗin da kansa. A 1966 ya sami digirin dakta, ya tafi Kanada ya kama koyarwa a jami'ar Trent. Shekara biyu kaɗai ya yi a can aka kira shi ga wani aiki wanda ba a taɓa yin irinsa ba.

Ciwon Tabkin Erie

Tsakanin Amurka da Kanada akwai waɗansu manyan tabkuna guda biyar, kowanne kamar teku. A zamanin nan ɗaya daga cikinsu, Tabkin Erie, ya kamu da ciwo. Ruwansa ya zama kore shar da gansakuka, bakin gaɓa ya cika da ɗoyi, kifaye masu daraja suna ta ƙarewa, har jaridu suna cewa tabkin ya mutu.

Yadda abin ya ke faruwa ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san kududdufi. Gansakuka tsiro ce, tana son taki kamar kowane tsiro. In taki ya yi yawa cikin ruwa sai ta yaɗu ta rufe shi. In ta mutu ta nutse ƙasa ta ruɓe, ruɓewar nan kuwa tana shanye iskar da ke narke cikin ruwa, wadda kifi ke numfashi da ita. Sai kifi ya shaƙe ya mutu alhali yana tsakiyar ruwa.

Kowa ya yarda taki ne ya yi yawa. Gardamar ita ce, wane iri? Abubuwa uku a ke tuhuma. Na ɗaya fosfaras, na biyu naitirojin, waɗanda su biyun nan suna cikin takin zamani da manoma suka sani. Na uku kabon, wanda ke cikin sukari da gawayi da iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi. Gardamar kuwa akwai dukiya mai yawa a bayanta, domin garin sabulun wanki na wancan zamani cike ya ke da fosfaras, ruwan wanki na birane kuma tabki ya ke gangarawa. Kamfanonin sabulu suka tsaya a kan cewa laifin kabon ne, suka kawo hujja daga gwajin da aka yi cikin kwalabe, inda aka ga in an ƙara kabon gansakuka ta kan ƙaru.

Tabkunan gwaji

Hukumar binciken kifi ta Kanada ta ga gardamar ba za ta ƙare a ɗakin gwaji ba. Sai waɗansu manyanta biyu, Wally Johnson da Jack Vallentyne, suka kawo shawara a keɓe waɗansu ƙananan tabkuna cikin daji, inda babu gari, babu gona, babu masana'anta, a riƙa zuba musu abu da gangan, da awo, a ga abin da zai faru. Aka sami wuri a yammacin lardin Ontario, kusa da garin Kenora, aka keɓe tabki 46. Saboda yawan tabkunan wurin ba a raɗa musu suna ba, lamba aka ba kowanne. A 1968 aka naɗa Schindler shugaban aikin, yana da shekara 28.

Zama ne na wahala. Da fari cikin tantuna su ke kwana. Buhunan taki da jarkokin magani a kafaɗa a ke ɗaukarsu ta cikin kurmi daga wannan tabki zuwa wancan. Lokacin zafi sauro da ƙudan cizo, lokacin sanyi kuwa ruwa ya daskare har sai an huda ƙanƙara kafin a ɗebi na awo. Dokar aikin kuma ita ce, kafin a taɓa tabki sai an san halinsa: zurfinsa, da abin da ke narke cikinsa, da irin halittun da ke ciki da yawansu. Sa'an nan a bar waɗansu tabkunan kusa ba a zuba musu kome, ana dai aunansu kullum, domin in an ga canji a san ko daga abin da aka zuba ne, ko kuwa daga yanayin shekarar.

A 1969 aka fara da Tabki na 227, mai faɗin kamar eka 12. An zaɓe shi ne don kabon ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Aka riƙa zuba masa fosfaras da naitirojin, ba a ƙara kabon ko kaɗan ba. In maganar masu sabulu gaskiya ce, bai kamata kome ya faru ba. Sai ga shi cikin 'yan makonni tabkin ya zama kore. Da aka bincika aka tarar gansakuka tana samun kabon daga sararin sama, yana shiga ruwa ta fuskar tabkin gwargwadon yadda ta ke shanye shi. Kwalba kuwa a toshe ta ke, ba ta da iska, ba ta da laka, ba ta da igiyar ruwa, shi ya sa ta ba da amsar da ba ta dace da tabki ba.

Tabki mai labule

Duk da haka gardama ba ta mutu ba, domin lissafin masana ba kowa ke iya karanta shi ba. Sai a 1973 Schindler ya yi gwajin da ya sa sunansa ya zaga duniya. Akwai wani tabki, na 226, wanda ƙirarsa kamar ta kalangu ce, faffaɗa a kai biyu, tsuke a tsakiya. Aka gitta wani labule mai kauri, wanda ruwa ba ya ratsawa, a wurin tsukewar, tun daga sama har ƙasa, tabki ya rabu biyu. Aka zuba wa kowane gefe naitirojin, da kabon, watau sukari, daidai wa daida. Sa'an nan gefe ɗaya kaɗai aka ƙara masa fosfaras.

Kafin lokacin zafi ya ƙare, gefen da aka sa wa fosfaras ya zama kore kamar miyar kuka, ɗaya gefen kuwa yana nan garau yadda ya ke. Aka hau jirgin sama aka ɗauki hotonsa, aka buga a 1974. Gani ya kori ji. Ɗan majalisar da bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, in ya dubi hoton nan ba ya bukatar tafinta.

Abin da gwajin ya koyar shi ne, kabon yana zuwa daga iska, waɗansu irin gansakuka ma suna iya jawo naitirojin daga iska, saboda haka ba mai iya tare waɗannan biyu. Fosfaras kuwa galibinsa daga tudu ya ke gangarowa, ta magudanan gari da gonaki, hanyar da mutum ke da ikon toshewa. Tun a 1970 Kanada ta fara rage fosfaras cikin garin sabulu da doka, a 1972 kuma ita da Amurka suka sa hannu a kan yarjejeniyar tsabtace manyan tabkunan. Sakamakon tabkunan gwaji ya ƙarfafa hannun hukuma, jihohin Amurka da ƙasashen Turai da dama suka bi sawu, birane kuma suka shiga cire fosfaras daga ruwan datti kafin su sake shi. Cikin shekarun 1980 Tabkin Erie ya farfaɗo.

Ba a daina gwajin Tabki na 227 ba. A 1990 aka bar zuba masa naitirojin ɗungum, aka ci gaba da fosfaras kaɗai, amma gansakuka ba ta fasa rufe shi kowace shekara ba. Erie kuwa ciwonsa ya komo daga baya, wannan karon galibi daga takin gonaki da ruwan sama ke wankowa. A 2014 sai da aka hana kamar mutum 400,000 na birnin Toledo da kewayensa shan ruwan famfo har kwana uku, saboda dafin wata irin gansakuka.

Ruwan sama mai tsami

Gwaji na biyu shi ya fi shafar kifi kai tsaye. Masana'antun da ke ƙona gawayin ƙasa, da masu narka ƙarfe, suna fitar da hayaƙi mai farar wuta. Hayaƙin ya kan haɗu da gajimare, iska ta kai shi ɗaruruwan mil, ya sauko cikin ruwan sama ya zama tsami. Tabkunan gabashin Kanada kuwa a kan dutse mai tauri su ke, babu farar ƙasa da za ta kashe tsamin, saboda haka ya kan taru shekara bisa shekara.

Masana suna da ma'aunin tsami mai lamba daga 0 zuwa 14. Ruwa mai lamba 7 ba shi da tsami. Iyakar saukar lamba, iyakar ƙaruwar tsami, kuma saukar lamba ɗaya tak ma'anarta tsami ya riɓanya sau goma. Ruwan lemun tsami wajen 2 ya ke. Gwajin da aka yi ta yi cikin tankuna ya nuna babban kifi ya kan jure har wajen lamba 5, don haka mutane da yawa suka ɗauka muddin tabki bai sauko nan ba, babu abin tsoro.

A 1976, bayan an yi shekara biyu ana nazarin Tabki na 223, aka fara zuba masa asid irin na batirin mota, kaɗan kaɗan. Cikin shekara takwas aka sauko da shi daga 6.8 zuwa 5.0. Ko a ƙarshen gwajin tsaminsa bai kai na ruwan tumatir ba, ruwan kuma ga ido garau ya ke. Babban kifin tabkin shi ne wanda a ke kira tirawut, mai cin ƙananan kifaye, matsayinsa kamar na giwan ruwa a kogunan ƙasar nan.

Ga abin da aka gani bi da bi. Tun lamba ba ta sauka ƙasa da 5.8 ba, waɗansu 'yan mitsi-mitsin jatan lande da ke zaune a zurfi, waɗanda da miliyoyi ne, suka ɓace. Wani ƙaramin kifi wanda bai fi tsawon yatsa ba ya daina hayayyafa, ya ƙare. Da tsami ya ƙaru, ɓawon manyan jatan lande ya kasa yin tauri, cuta ta kama su, su ma suka ƙare. Duk waɗannan kuwa abincin tirawut ne. Da aka kusa lamba 5, babu irin kifin da ke hayayyafa cikin tabkin. Manyan tirawut suna nan da rai, amma sun rame sun zama kamar bulala, ƙaton kai da siririn jiki, har suna cin junansu. Tsamin bai kashe su ba, yunwa ce ta ke kashe su.

Aka buga sakamakon a 1985 tare da hotunan kifayen. Schindler ya yi ta zuwa gaban majalisu a Kanada da Amurka yana bayani. Aikinsa na cikin hujjojin da suka sa Amurka ta gyara dokarta ta tsabtar iska a 1990, ƙasashen biyu kuma suka ƙulla yarjejeniyar rage hayaƙin farar wuta a 1991. Da aka daina zuba asid, tabkin ya warke sannu a hankali, tirawut suka koma hayayyafa. Amma 'yan ƙananan jatan landen nan ba su komo da kansu ba, sai da aka yi shekaru masu yawa mutane suka kamo su daga wani tabki suka mayar.

Wannan shi ne babban abin da ya kamata a riƙe daga jawabin nan. Ɓarnar ruwa daga ƙasa ta ke farawa, daga halittun da ba mai kula da su don ba a sayar da su a kasuwa. Ranar da masunci ya ga babban kifi ya rame, ɓarnar ta riga ta yi shekaru.

Guba mai tafiya da iska

A 1989 Schindler ya bar aikin Gwamnati ya koma jami'ar Alberta, a birnin Edmonton, ya zama shaihun malami. A 1991 aka ƙirƙiro wata babbar kyauta a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin don masanan ruwa, shi ne kuwa mutum na farko da aka ba.

A Alberta ya yi almajirai masu yawa. Ɗaya daga cikinsu, Karen Kidd, ta binciki wani abin mamaki a Tabkin Laberge, can arewa mai nisa cikin yankin Yukon. An tarar kifin tabkin yana ɗauke da wani maganin ƙwari mai suna toksafin, har hukuma ta gargaɗi mutane game da cinsa, alhali babu gonar auduga ko ɗaya a yankin, maganin kuwa a kan auduga aka fi fesa shi, a ƙasashe masu zafi. Binciken da suka buga a 1995 ya nuna iska ce ta kawo shi daga nesa. Irin wannan magani ba ya ruɓewa da wuri, kuma cikin kitse ya ke maƙalewa. Ƙwaron ruwa ya ɗauki kaɗan, ƙaramin kifi ya ci ƙwari dubu ya tara nasu, babban kifi ya ci ƙanana ɗari ya tara nasu duka. Iyakar tsawon jerin masu cin juna, iyakar yawan gubar da ke jikin na ƙarshe. Na ƙarshen ƙarshe kuwa shi ne mutumin da ya ci kifin.

Daga baya ita Kidd ta je tabkunan gwaji ta yi nata aikin. Daga 2001 zuwa 2003 ta zuba wa Tabki na 260 wani magani da ke cikin ƙwayoyin tazarar haihuwa, wanda ke fita cikin fitsari ya bi ruwan dattin birane zuwa koguna. Abin da ta zuba kashi biyar ko shida ne cikin miliyan sau miliyan na ruwa. Duk da ƙanƙantar nan, mazan ƙananan kifaye suka soma yin abin da jikin mace ke yi na haɗa ƙwai, hayayyafa ta tsaya, irin ya kusa ƙarewa a tabkin. Bayan an daina zubawa da 'yan shekaru suka komo.

Gaskiya a gaban masu iko

A arewacin Alberta akwai yashi mai kwalta wanda a ke haƙowa a tace a sami man fetur, arzikin lardin kuma ya dogara da shi ƙwarai. Kogin Athabasca ya ratsa ta wurin, mutanen asalin ƙasar da ke zaune a ƙarshensa, wajen garin Fort Chipewyan, masunta ne da maharba. Sun daɗe suna kukan ruwa ya canja. Amsar da a ke ba su ita ce, kogin tun fil azal ta cikin kwalta ya ke bi, saboda haka ƙazantar halittar wurin ce.

A 2008, yana kusa da shekara saba'in, Schindler da abokiyar aikinsa Erin Kelly da waɗansu suka ɗebi ruwa a sama da ma'aikatun da kuma ƙasa da su. Suka ɗebi dusar ƙanƙara kuma, domin ita daga sama ta ke saukowa, duk abin da aka samu a kanta ba daga gindin kogi ya fito ba. Suka tarar da ƙurar kwalta da ƙarafa masu guba, irin su dalma da zaiba, sun fi yawa kusa da ma'aikatun, suna raguwa in an yi nisa, har wajen mil 30. Suka buga a 2009 da 2010. Cikin 2010 ɗin kuma ya tsaya tare da masunta a Edmonton suka baje wa 'yan jarida kifaye masu ƙari da nakasa. Abin lura a nan shi ne bai ce ya tabbatar ma'aikatun ne suka nakasa kifayen ba, domin bai auna wannan ba. Cewa ya yi wajibi ne a bincika. Aka yi ta sukarsa, amma kwamitocin masana da Gwamnati ta naɗa suka tarar tsarin awon da a ke yi a kogin bai wadatar ba, a 2012 aka fito da sabo.

Cikin 2012 ɗin ne kuma Gwamnatin Tarayya ta Kanada ta ce za ta rufe tabkunan gwaji don tsimin kuɗi. Schindler da masana na ƙasashe da yawa suka tashi tsaye, suna cewa littafin awo na shekara arba'in da huɗu in ya yanke ba ya ɗinkuwa. A 2014 wata cibiya mai zaman kanta da ke Winnipeg ta karɓi wurin da taimakon lardunan Ontario da Manitoba, tabkunan kuma sun kai 58. Schindler ya bar aiki a 2013, ya rasu ran 4 ga Maris 2021, yana da shekara 80, ya bar rubuce-rubucen bincike sama da 300.

Abin da aikin ke bukata

Yaron da ke son bin wannan hanya sai ya ƙware a ilmin halittu, da ilmin haɗa magunguna, da lissafi, tun daga sakandare. Bayan digiri na fari akwai na biyu da na dakta, galibi shekara goma ko fiye kafin a ce da mutum masani. Rabin aikin cikin kwalekwale da taɓo a ke yinsa, rabi a kan tebur ana ƙidaya da rubutu. Yana bukatar haƙuri, gama gwajin Tabki na 223 shekara takwas ya ci kafin a faɗi sakamakonsa. Yana bukatar riƙon amana, kada mutum ya faɗi abin da bai auna ba, kada kuma ya ɓoye abin da ya auna don tsoron wani. A ƙasar nan akwai jami'o'i masu koyar da ilmin kifi, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, kusa da Tabkin Kainji. 'Ya'yan masunta, waɗanda suka san ruwa tun suna goye, sun fi kowa dacewa da karatun nan in sun sami mai tura su makaranta.

Abin da ya shafi gundumomi

Ruwan ƙasar nan ɗumi gare shi, ga laka, ga ambaliya da damina da ƙafewa da rani, saboda haka ba daidai ba ne a ɗauko lambobin Kanada a ɗora masa. Shi kansa Schindler abin da ya koyar ke nan, kowane ruwa a auna shi a inda ya ke. Amma hanyoyin ɓarnar iri ɗaya ne. Takin zamani da a ke zubawa a gonakin bakin kogi yana gangarawa. Ruwan majemu da masana'antu na Kano ya daɗe yana shiga Kogin Challawa da na Jakara. Manomi ya kan gama feshi ya wanke famfonsa a rafi. Mafi muni kuma, akwai masu zuba maganin ƙwari irin su Gammalin cikin ruwa don su kwashi kifi a sauƙaƙe. Maganin da ke cikin Gammalin dangin toksafin ne wajen maƙalewa a kitse, tun 2009 kuma ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin magungunan da za a daina. Mai yin haka ya kashe manya da 'ya'ya da abincinsu gaba ɗaya, sa'an nan ya kai gubar kasuwa.

Ga abu huɗu da hakimi ke da ikon yi ba tare da jiran kowa ba.

Na ɗaya, malamin hakimi ya buɗe littafi don ruwayen gunduma. Sau biyu a shekara, da kaka da kuma ƙarshen rani, a kira Sarkin Ruwa da dattawan masunta a tambaye su irin kifin da a ke samu, karfasa, tarwaɗa, kurungu, tsage, giwan ruwa da sauransu, da wanda ya ragu, da wanda aka daina gani. A tambayi labarin ƙanana kuma, watau 'ya'yan kifi, da kwaɗi, da ƙaguwa, da tsuntsayen da ke cin kifi. A rubuta da kwanan wata.

Na biyu, in aka ga matattun kifaye, a rubuta rana da wuri, da launin ruwan da warinsa, da abin da ke sama da wurin, gona ce ko marina ko masana'anta. A ɗebi ruwan cikin kwalba mai tsabta a aika wa ma'aikatan kifi ran nan, a kuma hana jama'a cin kifin.

Na uku, a yi shela a kasuwanni a kan haramcin su da guba da wanke kayan feshi a ruwa, dagatai da masu unguwanni su sa ido.

Na huɗu, a ƙarfafa al'adar hutar da ruwa, irin wadda a ke yi a Matan Fada na Argungu, inda ba a shiga su sai an ba da izini.

Littafin nan ba zai nuna amfaninsa a shekarar farko ba, watakila ma ba a zamanin wanda ya buɗe shi ba. Amma ran da masani ya zo gundumar yana tambaya yadda ruwan ya ke shekara ashirin da suka wuce, ko ran da gardama ta tashi tsakanin masunta da mai masana'anta, shi ne shaidar da za a aza a gaban alƙali.

Allah ya ba hakimai ikon riƙon amanar ƙasa da ruwa.